Yadda A Ke Daidaita Tsayin Gaban Mota

Kowa a cikinmu ya san motar kasuwa. Ita ke ɗaukar mana buhunan masara da wake zuwa gari, ita ke komo mana da gishiri da takin zamani. In haihuwa ta gagari mace da tsakar dare, ƙofar direbanta mu ke bugawa. Waɗansunmu suna da ɗa ko ƙane yaron mota. Waɗansu ƙauyuka ma sun haɗa kuɗi sun sayi tasu. Saboda haka lafiyar motar nan ba maganar direba ba ce shi kaɗai.

Ran kasuwa, ku tsaya gaban motocin da ke tasha, ku dube su da kyau. Za ku ga wata ta tsaya sosai. Za ku ga wata ta karkace gefe guda, kamar jakin da mangala ta rinjaya. Wata ta sunkuyar da kai ƙasa. Wata kuwa ta ɗaga hanci sama sai ka ce raƙumi. Sau da yawa motar da ta karkace ba tsufa ne ya karkatar da ita ba. Daga gareji ta fito haka, bayan an sake mata kayan gaba.

Bara da kaka muka shiga wata a-kori-kura za mu wani ƙauye duba aji. Muka zauna gaba kusa da direba. Hanya miƙaƙƙiya ce, amma muka ga ya riƙe sitiyari da ƙarfi, yana ta jan sa gefe guda. Da muka tsaya shan ruwa, sai muka ga tayar gaba ta hagu ta cinye ta gefe ɗaya har waya ta fito, ɗaya gefen kuwa kamar sabuwa.

Muka ce, "Direba, me ya sami tayarka?"

Ya ce, "Wallahi, Malam, ni ma abin ya dame ni. Wata biyu ke nan da aka sake mini robobin gaba duka. Tun ran nan motar ba ta bin hannuna."

Muka ce, "An auna ta kafin a kwance?"

Ya ce, "A auna me, Malam?"

Amsar tambayarsa ita ce darasinmu na yau.

Abin da ke ɗauke da mota

Jikin mota ba a kan tayoyi ya ke zaune kai tsaye ba. Tsakanin jiki da ƙafafu akwai sifirin. Shi ke ɗauke da nauyin inji da mutane da kaya. In taya ta faɗa rami ko ta hau dutse, sifirin ya kan lanƙwasa, sa'an nan ya koma yadda ya ke.

Sifirin iri uku ne. Akwai na falle-falle, watau ƙarafa masu faɗi da aka jera wani bisa wani, dogo a sama, gajeru a ƙasa. Shi ne a gaban gingimari da sauran manyan motocin kaya. Akwai naɗaɗɗe, mai kama da macijin da ya naɗe. Shi ne a gaban Toyota Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau. Na uku sanda ce doguwa ta ƙarfe, kwance a ƙarƙashin mota, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ita ba ta lanƙwasawa, murɗewa ta ke yi. Ku kama ɗanyar tsumagiya da hannu biyu, ku murɗa ta, ku saki. Kun ga ta warware da kanta? Haka sandar nan ta ke aiki. Ita ce a gaban tsofaffin Hilux da yawa, da yawancin motocin Hiace da ke jigila a hanyoyinmu.

Kusa da sifirin akwai shakazoba. Mutane da yawa suna tsammani ita ke ɗaga mota. A'a. Aikinta shi ne ta hana mota yin ta tsalle bayan ta wuce rami. In gaban mota ya zauna, ko shakazoba goma aka sake ba zai tashi ba. Kuɗi ne kawai za su tafi.

Masu ƙera mota sun yanke mata tsayi guda. A kan wannan tsayi suka shirya ƙarafan sitiyari, da yadda taya za ta taka ƙasa, da inda fitila za ta haska. In gaba ya yi ƙasa ƙwarai, wurin da ya rage wa ƙafa ta motsa sama ya ƙanƙance. Ko ƙaramin rami aka shiga sai ƙarfe ya bugi robar da aka sa don ta tare shi, ku ji ƙara har cikin haƙoranku. In gaba ya yi sama ƙwarai, ƙafa ba ta da sauran wurin sauka, sai taya ta riƙa barin ƙasa a kan gargada. Tayar da ba ta ƙasa kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, mota ta kan ja gefe. A ƙananan motoci, waɗanda kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, taya ma ta kan tsaya a karkace, ta ci ta gefe ɗaya.

Awo

Awo ba shi da wuya. Duk wanda ya iya karanta lamba zai iya yinsa.

Da fari a nemi wuri mai daidai, kamar daɓen siminti na gidan mai ko na sito. Gindin bishiya ba ya yi, ko da ido ya ga kamar ya yi. A sauke kaya duka, kowa ya fita. A kai wa mai faci ya daidaita iskar tayoyi da geji. A danna gaban motar sau uku ko huɗu a saki, a tura ta gaba kamar taki biyar, domin ƙafafunta su zauna yadda su ke so.

Sa'an nan a ɗauko tef. A sa bakinsa a tsakiyar ƙafa, daidai cibiyarta, a miƙa shi sama sosai zuwa leɓen madigadi. A karanta. A zaga ɗaya gefen a yi haka. Don me ba mu auna daga ƙasa ba? Domin tayoyi ba ɗaya su ke ba. Wata sabuwa ce, wata ta suɗe. In an auna daga ƙasa, taya za ta shiga cikin lissafi ta ruɗe mu.

Amma mun san motocinmu. Madigadin da bai taɓa lotsewa ba ƙalilan ne. In ya lotse, ba a dogara da shi. Sai a auna daga shasi, watau ƙaton ƙarfen da jikin mota duka ke zaune a kai. A babbar mota ma nan ne wurin awo: tazarar da ke tsakanin shasi da aksul, ƙarfen nan da ya ratsa daga ƙafar hagu zuwa ta dama. A sa alama da alli a inda aka auna, don a komo daidai wurin bayan aiki.

In babu tef, kara ma ya isa. A sami miƙaƙƙen karan dawa guda biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, a yi wa kowanne tsaga da wuƙa. Amma rubutu ya fi, gama kara ya kan ɓace, akuya ma ta kan tauna shi. A rubuta a littafin mota kamar haka: ranar kaza, hagu kaza, dama kaza.

Ga wani abu da za mu lura da shi. Awon da muka yi kafin a kwance, awon mota marar lafiya ne. Yana nuna mana inda ciwo ya ke, amma ba shi ne za mu komar da ita a kai ba. Ainihin tsayin yana cikin littafin masu ƙera motar, tare da wurin da su ke so a auna. In ba a sami littafi ba, a nemi wata mota irinta sak, mai lafiya, wadda ba a yi mata ƙari ba, a auna ta.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Misali ne kawai, ba awon wata mota ba ne. A ce lafiyayyar motar ta ba mu santimita 50 kowane gefe. Tamu kuwa hagu 46, dama 49. Nawa hagu ya rage? Santimita 4. Dama fa? Santimita 1. Tsakanin hagu da dama akwai santimita 3, watau fiye da inci guda, gama inci guda santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. A ƙaramar mota, in bambancin hagu da dama ya wuce kamar santimita 1, aiki bai ƙare ba tukuna.

Ranar aiki

Kafin kome, rai. A sa waigi gaba da bayan tayoyin baya. A ɗaga da jak, sa'an nan a tokare shasi da katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada a tokare da bulo ko tubali, su kan fashe ba sallama. Iyaye, ku faɗa wa 'ya'yanku masu koyon aiki wannan, ku maimaita musu. Naɗaɗɗen sifirin kuma da sandar nan mai murɗewa, ƙarfi ne a ɗaure cikinsu. Wanda bai san yadda a ke sassauta su ba, kada ya taɓa notinsu.

Sifirin bibbiyu a ke sakewa, hagu da dama tare. Mun san abin da mai mota zai ce: ɗaya ne ya karye, don me zan sayi biyu? To, manomi ya san amsa. In ka haɗa tsohon sa da ɗan bijimi mai tashen ƙarfi a garma ɗaya, kunya ba za ta miƙe ba. Tsohon sifirin ya riga ya gaji ya kwanta. Sabo yana tsaye da ƙarfinsa. Motar da ke kansu tilas ta karkace.

Wanda ya tafi sayayya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko wata kasuwar kayan mota, ya tafi da tsohon a hannu. Ya ƙirga falle nawa ne. Ya gwada tsawo da faɗi da kauri. Ya kife biyun da zai saya a ƙasa kusa da juna, ya duba ko ƙusumbinsu ɗaya ne. In na hannu ne, watau wanda wata mota ta taɓa aiki da shi, sai a ƙara lura, gama ba lalle ne daga mota ɗaya aka ciro su ba.

A tsakiyar sifirin na falle-falle akwai ƙusa guda da ta haɗa fallayen, kanikawa suna kiranta santabol. Kanta yana da rami nasa a bisa aksul. Lalle ya faɗa cikin ramin nan. In ya hau gefe, aksul zai zauna a karkace, ku ga mota tana tafiya a kaikaice kamar kare. A waɗansu manyan motoci akwai wani ɗan ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, gefe ɗaya kauri gefe ɗaya siriri. Ba tarkace ba ne. Shi ke taimakon sitiyari ya komo tsakiya bayan an sha kwana. A lura da inda kaurin ya fuskanta, a mayar da shi haka. Ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da aksul, waɗanda a ke kira yubol, gara a sa sababbi. A ɗaure notinsu kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na ƙetarensa, har su kamu duka daidai.

Yanzu ga babban abin da ya fi tsere wa masu gyara.

Inda sifirin, ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, ya haɗu da shasi, akwai roba mai kamar gwangwani, da bututun ƙarfe a tsakiyarta. Ana kiranta bushin. Robar nan manne ta ke da bututun. In an ɗaure noti, bututun ba ya juyawa kuma. To, yaya ƙafa ke motsi sama da ƙasa? Robar ce ke murɗewa, ta koma, ta murɗe, ta koma. An yi ta don ta murɗe kaɗan nan, kaɗan can, ta huta a tsakiya.

Ku duba abin da ke faruwa in an ɗaure notin nan mota tana bisa jak. Ƙafa tana rataye, ta sauka iyakar saukarta. A nan aka kama robar. Da an sauke mota, nauyi ya tura ƙafa sama, sai roba ta murɗe, ta zauna a murɗe dare da rana, ko mota tana tsaye a gida. Wanda ya taɓa kwana da wuya a murɗe ya san yadda gari ke waye masa. In aka hau gargada kuma, sai a ƙara mata wata murɗa bisa wadda ta ke ciki. Ba ta daɗewa sai ta tsage. Mai mota ya zagi mai sayarwa, ya ce jabu ya ba shi, alhali kuwa kayan ba su da laifi. Har wa yau, robar da ke murɗe ta kan ɗan riƙe mota sama, ta ɓata mana awo.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. A sa notinan bushin a ɗaura su da sauƙi, yadda ba za su fita ba kawai. A sa tayoyi, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta. A danna ta, a tura ta gaba da baya. A auna. In tsayi ya yi daidai, sa'an nan a ɗaure su tam. Bakanike zai ce hannu ba ya shiga in mota tana ƙasa. Gaskiyarsa. Sai a hau da ita bisa ramin gyara, ko a ɗora tayoyi huɗu a kan katakai masu kauri ɗaya, muddin dai nauyinta yana kan tayoyinta. Manyan motocin da bushin ɗinsu na ƙarfe ne ba su da wannan damuwa, gama nasu juyawa ya ke yi. Su giris su ke so, a kai a kai.

Mota mai sanda

Mota mai sandar murɗewa ta fi sauƙin daidaitawa, ta kuma fi sauƙin ɓatawa. A gindin kowace sanda akwai dogon noti. In an ɗaure shi gefen ya tashi, in an sassauta ya sauka. Kafin a kwance, a auna tsawon zaren da ya fito bayan notin, a rubuta. A sa alamar alli inda haƙoran sanda suka shiga mazauninsu, gama in an kuskure haƙori ɗaya tak, tsayi ya sake da yawa. Sandunan nan kuma ba a musanya su. A bakin kowacce akwai harafi: L ta hagu ce, R ta dama. Kowacce ta saba da murɗewa ta fuska ɗaya. In an juya mata, ta kan raunana, har ta karye.

A ɗan ɗaga mota da jak kafin a juya notin, don kada zarensa ya ci. A juya kaɗan, a sauke, a danna, a tura, a auna. In an taɓa hagu, dama ma ta kan motsa kaɗan, saboda haka kullum a auna duka biyu. Aikin haƙuri ne. Wani lokaci sai an yi sau huɗu ko biyar.

Direbobin hanyar daji su kan ce wa bakanike, "Maigida, ɗaga mini ita sosai, hanyarmu yashi ne da kwazazzabo." Mun san wahalarsu, mu ma hanyar mu ke bi. Amma ɗaure notin nan ba ya ƙara wa sanda ƙarfi ko kaɗan. Tsayi kawai ya ke sakewa. Abin da aka samu a sama an rasa shi a ƙasa: mota ta yi tauri, mahaɗan ƙafa su ci da wuri, tayoyi su suɗe ta gefe. Haka nan masu ƙara falle biyu ko uku don su ƙara buhu. Sifirin ya ƙaru, gaskiya ne. Birki fa? Taya fa? Suna nan yadda su ke. Motar da aka ɗaga, aka kuma yi mata lodi har sama, ita ce mai saurin kifewa a kwana, mutanenmu kuwa bisa buhunan su ke zaune.

Waɗansu kuma su kan sa gajiyayyen sifirin a wuta su lanƙwasa shi, ko su yi wa karyayye walda. Ku tambayi maƙerin garinku. Ya san ƙarfen sifirin sarai, da shi ya ke ƙera adda da gatari. Zai gaya muku wuta ta kan sake halin ƙarfe. Sifirin da ya sha wuta ya yi kyau ran nan, amma ba da jimawa ba zai kwanta, ko ya karye kusa da inda aka ƙona. A bar wa maƙeri shi ya yi mana fartanya.

Bayan an gama

In tsayi ya daidaita, sai a kai mota a saita ƙafafunta, abin da direbobi ke kira alaimen. Tsayi a ke fara gyarawa, saiti ya biyo baya. In an yi saiti tukuna sa'an nan aka taɓa tsayi, an biya kuɗin banza. Da dare kuma a tsai da ita gaban bango a kunna fitila, a ga ko tana haska hanya, ko kuwa idon mai zuwa ta ke kashewa.

Sabon sifirin ya kan ɗan zauna bayan ya ɗauki kaya. Saboda haka in an yi kasuwa ɗaya ko biyu, a sake bin notinan yubol da sifana, a koma daɓen nan a sake awo, a rubuta a ƙarƙashin na farko.

Direban nan namu ya koma gareji da tef a aljihu. Aka tarar hagu ya fi dama da kusan inci guda da rabi. Yaron da ya mayar da sandunan da ido ya gwada, bai auna ba, notinan bushin kuma a bisa jak ya ɗaure su. Da yamma ɗaya aka daidaita tsayin. Robobi biyu sun riga sun tsage, aka sake su. Tayar kuwa ta riga ta tafi, sai da ya sayi wata.